Ciwon Ciki Ma Rauni Ne

'Yan'uwa manoma, da wuya a sami ƙungiyar gama kai a cikinmu wadda ba ta da tsohon soja ko ɗaya. Waɗansu sun yi yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, yanzu sun tsufa. Waɗansu sun je Laberiya da Saliyo daga 1990. Waɗansu kuma ba su daɗe da tuɓe kaki ba. Wanda ya dawo da ƙafa ɗaya, kowa yana tausayinsa, har a ba shi kujera a gaba. Amma wanda ya dawo da ciwon ciki fa? Ranar gayya za ka ga ya yi kunya biyu ko uku ya ajiye garma, ya zaga bayan gona, ya komo, an jima ya sake zagawa. Sai samari su soma zunɗensa, suna cewa ragwanci ne. Shi kuwa ba zai ce uffan ba, gama ya ji ana cewa ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba.

Ra'ayina shi ne, ciwon cikin da mutum ya ɗauko a aikin soja rauni ne sosai, kamar raunin harsashi. Neman diyya a kansa ba bara ba ne, bin bashi ne. Domin mu ga haka a fili, bari mu leƙa ƙasar Amurka, inda aka daɗe ana ja-in-ja a kan wannan magana har aka rubuta mata dokoki dalla-dalla.

Yadda aikin soja yake ɓata ciki

Soja a fagen daga ba ya zaɓen ruwan da zai sha. Yakan ci abincin da ƙuda ya sauka a kai, ko ya kwana biyu bai ci ba. Daga nan sai zawo da atini. Yawancin mutane sukan warke, amma likitoci sun gano cewa kamar mutum 1 cikin 10 na waɗanda suka yi mugun zawo irin na ƙwayoyin cuta, hanjinsu ba ya komawa daidai. Sai ciki ya riƙa murɗawa da kumburi, yau gudawa, gobe taurin bayan gida, shekara da shekaru. Likita ya duba hanjin, ba gyambo, ba ƙari. Bari mu kira wannan rikicin hanji. Tsoro da rashin barci kuma suna ƙara hura masa wuta.

Akwai wata hanya kuma. Sojan da ya ji ciwo a baya ko a gwiwa yakan daɗe yana shan ƙwayar kashe zafi irin su asfirin. Waɗannan ƙwayoyi in an yawaita su suna cin bangon tumbi, su kawo gyambon ciki. Watau ciwo ɗaya ya haifi wani.

Abu uku da ake tambaya

A Amurka akwai ma'aikata guda ta tsofaffin sojoji, ana kiranta VA. Ita take biyan diyya wata wata, ba a kuwa cire haraji a ciki. Ana auna nakasar mutum daga kashi 0 zuwa kashi 100, ana hawa goma goma. Iyakar yadda ciwon ya hana shi aiki, iyakar abin da za a ba shi. Amma kafin a biya, sai tsohon soja ya nuna abu uku:

1. Cewa yana da ciwon yanzu, likita kuma ya tabbatar.
2. Cewa wani abu ya same shi sa'ad da yake cikin soja, ko cuta, ko rauni, ko guba.
3. Cewa akwai igiya tsakanin na ɗaya da na biyu.

Na ukun nan shi ne mai wuya. Harsashi yana barin tabo, zawo ba ya bari. Sojoji da yawa kuma ba su je wurin likita ba a lokacin, domin kada a ce su raggaye ne. Saboda haka ma'aikatar takan karɓi shaidar abokan aikin mutum da ta matarsa a rubuce. Takan kuma biya diyya a kan ciwo na biyu wanda ciwon farko ko maganinsa ya jawo, kamar gyambon nan da muka faɗa. Doka ta ce in shaida ta yi kunnen doki, tsohon soja ne ya ci.

A ranar 19 ga Mayu 2024 aka sabunta ma'aunin cututtukan ciki. Mai rikicin hanji yanzu yana iya samun kashi 10, ko 20, ko 30. Ana duban watanni 3 da suka wuce: in ciwon ya zo ko sau ɗaya, kashi 10, in kwana 3 a kowane wata, kashi 20, in kowane mako, kashi 30, muddin akwai waɗansu alamu biyu ko fiye, kamar kumburi da sākewar bayan gida. Ku lura, wanda yake rubuta ranakun ciwonsa a littafi ya fi wanda zai ce wa likita, "Yakan dai zo."

Inda gwamnati ta ɗauke wa soja nauyin shaida

Ga abin da ya fi burge ni. A kan waɗansu cututtuka, dokar Amurka ta ce tsohon soja ba sai ya nuna igiyar nan ba. In ya yi aiki a wuri kaza, a lokaci kaza, ya kuma kamu da cuta kaza, sai a ɗauka aikin ne ya jawo.

Wanda abokan gaba suka tsare kwana 30 ko fiye, in gyambon ciki ya same shi, ko atini mai naci, ko tsutsar ciki, ko rikicin hanji, ba a tambayarsa hujjar dangantaka. Sojojin da suka je yaƙin Tekun Fasha daga Agusta 1990 sun dawo da ciwace-ciwacen da likitoci suka kasa sa musu suna. A 1994 majalisa ta yarda a biya su ko da ba a san sunan cutar ba. A 2001 aka sa rikicin hanji cikin jerin, in ya kai watanni 6. A ranar 10 ga Agusta 2022 kuma Shugaba Biden ya sa hannu a dokar PACT, saboda sojojin da suka shaƙi hayaƙin ramukan ƙona shara a sansanonin Iraki da Afganistan. Ta haɗa da sankarar ciki da ta hanji kowace iri.

Ba ranar ɗaya aka sami waɗannan ba. Tsofaffin sojoji da iyalansu sun yi shekaru suna bin majalisa, waɗansu sun mutu kafin a amsa.

Masu cewa za a yi cuta

Wani zai ce, ai ciwon ciki na kowa ne. Manomin da bai taɓa riƙe bindiga ba ma yana fama da gyambo da ƙwannafi. In an buɗe wannan ƙofa, ashe maƙaryata ba za su cika ɗakin ba? Kuɗin kuwa na talakawa ne masu biyan haraji.

Maganar tana da ƙamshin gaskiya, ba zan raina ta ba. Lalle akwai masu ƙarya, shi ya sa a can ma likita yakan gwada mutum kafin a yanke. Amma mu tambayi kanmu, wa ya aiki sojan inda ruwa ba shi da kyau? Wa yake riƙe da takardun asibitin bariki? Gwamnati ce. A Yuli 1973 gobara ta tashi a ma'ajiyar takardun sojoji a birnin St. Louis, ta cinye fayil miliyan 16 zuwa 18. Laifin kurtu ne wannan? In mai ajiya ya ɓatar da ajiya, ba daidai ba ne a ce mai kaya ya yi hasara. Gara a biya mutum ɗaya bisa kuskure da a kori masu gaskiya goma hannu wofi. Shi kuma mai nema, ya faɗi iyakar abin da yake ji, kada ya ƙara gishiri. Ciki da gaskiya wuƙa ba ta huda shi.

To, mu fa?

Dokar Amurka ta sojojin Amurka ce, ba ta aiki a kan tsohon sojan Nijeriya. Namu suna da Hukumar Fenshon Soja a Abuja, da Ƙungiyar Tsofaffin Sojoji mai rassa a jihohi. Amma ko'ina a duniya ofis ba ya ganin murɗawar ciki, takarda yake gani. Saboda haka ga shawarata ga kowace ƙungiya:

1. Tsohon soja ya je asibiti a gwada shi, ya faɗi kome. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. In bayan gida ya yi baƙi kamar kwalta, ko ana aman jini, ko mutum yana ramewa ba dalili, kada a jira ranar kasuwa, a tafi yau.
2. A adana takardar sallama da katin asibiti cikin leda, nesa da gara da yoyo. A yi hotonsu, a ba magatakardan ƙungiya ya ajiye.
3. A sayi ƙaramin littafi, a riƙa rubuta ranar da ciwo ya tashi da aikin da ya hana. Wanda bai iya rubutu ba, ɗansa ya rubuta masa.
4. A nemi abokan da aka yi aiki tare tun suna da rai, su rubuta abin da suka gani.
5. A bi ta ƙungiyar tsofaffin sojoji. A guji dillalan da za su ce a ba su akuya ko buhun masara su fito da kuɗi. A Amurka ma ƙungiyoyin tsofaffin sojoji kyauta suke taimakon membobinsu cika takarda.
6. Wanda ɗansa yake cikin soja yanzu, ya gargaɗe shi: duk ciwon da ya same shi, ya kai kansa ga likitan bariki a rubuta. Jarumtakar ɓoye ciwo ita ce hasarar tsufa.

Kowace ranar 15 ga Janairu ana tunawa da mazan jiya, ana ajiye furanni. Wannan yana da kyau. Amma sa'ad da wakilanmu na majalisa suka zo gida, mu tambaye su ko sun dubi wannan ƙa'ida, cewa gwamnatin da ta aiki mutum ita za ta ɗauki nauyin shaida.

Kafin nan, akwai abin da ba sai mun jira kowa ba. A taronku na wannan wata, ku lissafta tsofaffin sojojin da suke cikinku. Ku tambayi kowanne lafiyarsa a keɓe, cikin ladabi. Wanda ciki ya hana shi huɗa, a ba shi aikin awo ko tsaron rumbun ƙungiya, a kuma sa gonarsa cikin jerin gayya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Samari kuma su daina zunɗe. Mutumin nan da kuke gani yana zagawa bayan gona, ba ku san irin ruwan da ya sha domin ku kwana lafiya ba.