Janye Kayan Tiyatar Ƙashi Daga Kasuwa: Ina Matsayin Majinyatan Karkara?

Idan ba a manta ba, a watan Agusta na 2010 kamfanin DePuy, reshen Johnson & Johnson na ƙasar Amurka, ya janye wani ƙarfen dashen ƙugu mai suna ASR daga kasuwannin duniya. Kafin wannan lokaci an riga an dasa wa mutane kimanin 93,000. Matsalar daga ƙirarsa take: ƙarfe ne ke gogar ƙarfe a cikin gaɓar, sai ɓurɓushin ya riƙa shiga tsoka da jini yana haddasa kumburi da raɗaɗi. Alƙaluman da aka tattara a Ingila sun nuna cewa cikin shekara 5, kusan mutum 1 cikin 8 sai da aka sake yi masa aiki. A 2013 kamfanin ya amince da biyan diyyar kimanin dala biliyan 2.5 ga majinyatan Amurka.

Mai karatu zai iya tambaya, me ya haɗa wannan da mutumin Ƙanƙara, Faskari ko Sabuwa? Haɗarin babur da na mota a hanyar Funtuwa zuwa Gusau, da raunin harsashi da 'yan bindiga suka jawo wa yankin, sun sa da yawa daga cikin jama'armu suna ɗauke da ƙusa ko faranti na ƙarfe a jikinsu. Ga kuma masu cutar sikila, waɗanda kan ƙashin cinyarsu kan lalace har a buƙaci sauya shi. Irin waɗannan akan tura su Asibitin Janar Amadi Rimi da ke Katsina ko Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, masu hali kuma su nufi Indiya ko Masar.

Abin da ya faru a Indiya ya cancanci a yi nazarinsa. An dasa wa mutane kusan 4,700 wannan ƙarfe a can, amma rahoton kwamitin gwamnatin ƙasar da ya fito fili a 2018 ya nuna cewa fiye da 3,600 ba a san inda suke ba. Idan ƙasar da aka yi aikin ta kasa gano 'yan ƙasarta, ina ga baƙon da ya dawo ƙauyensu? Almakashi ko abin huda ƙashi, in an gano aibinsa, ɗauke shi ake yi daga ɗakin tiyata, magana ta ƙare. Abin da ke cikin jikin mutum kuwa sai an nemo mutumin.

A Nijeriya, hukumar NAFDAC ce ke da alhakin rajistar kayan asibiti da fitar da sanarwar gargaɗi. Sai dai sanarwar da Turanci take fitowa, a intanet, kuma ba ta da amfani ga wanda bai san sunan abin da aka sa masa ba. A nan ne, a ganinmu, gyaran ya kamata ya fara. Kafin a sallami majinyaci, danginsa su nemi a rubuta masu sunan kamfanin, da lambar kayan, da ranar aiki, su adana takardar kamar yadda ake adana takardar gona. Jami'an lafiya na ƙananan hukumomi kuma su buɗe littafin sunayen waɗanda aka yi wa dashe a kowace mazaɓa, hakimai da dagatai su taimaka wajen bibiyar waɗanda rashin tsaro ya raba da garuruwansu.

Wanda aka yi wa dashe, idan ya ji sabon ciwo, kumburi, ƙara a gaɓar, ko ɗingishi da babu shi a da, kada ya kai wa maɗori ya ja. Ya koma asibiti da takardarsa a ɗauki hoton wurin.