Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Masu Shagunan Tsaraba Na Birnin Kano

Iyayenmu da yayyenmu 'yan kasuwa,

Ni mai zanen ƙwarya ce, sana'ar da na gada wurin kakata. Ga kaka ta shigo, duma ya ƙosa a gonaki, an fara fafe ƙore da ludaya, hannuwanmu sun koma aiki. Sai dai in na ratsa shagunanku raina yakan ɓaci: robobi da kwalliyar ƙasashen waje a gaba, aikinmu kuwa can lungu yana shan ƙura.

Tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, a ƙarni na 15, Kasuwar Kurmi take ci, kuma da kayan hannu Kano ta yi suna: rinin Ƙofar Mata, jakar dukawa, faifan mata. Baƙon da ya zo neman tsaraba abin Kano yake so ya kai gida, ku ne kuma ƙofarsa.

Don Allah ku ba mu gaban kanta a wannan kaka. Ku riƙa faɗa wa mai saye sunan garin da aka yi abu. Mafi girma, ku biya mu ko da rabin kuɗi ranar karɓar kaya, domin jiran sai an sayar shi ke cinye mana jari kafin a sake girbin duma.

Allah Ya ba da kasuwa.

Taku,
Wata mai zanen ƙwarya