Sharhi: Wace Kwamfutar Hannu Ce Ta Dace da Masana'antunmu?

Sharhinmu na yau ya shafi kwamfutar hannu mai kama da allo, wadda ta fara maye gurbin littafin sito da takardun oda a masana'antun Bompai da Sharada da Challawa a Kano.

Manyan gidaje uku ne ke riƙe da wannan kasuwa. Akwai iPad na kamfanin Apple, wanda ya fito a shekarar 2010. Akwai masu manhajar Android ta Google, irin su Samsung da Lenovo da Tecno da itel. Sai masu Windows, waɗanda Microsoft ya shigo da nasa mai suna Surface a 2012. Ra'ayinmu shi ne mai saye ya fara duba aikin da zai yi da kuma wanda zai gyara masa, kafin ya dubi suna.

Mu ɗauki mai kula da sito a wata masana'antar roba a Sharada. Tun safe yana tsaye bakin tirela, yana ƙirga dila-dilan bokitai da kujeru, yana ɗaukar hoton takardar kaya ya tura wa dillali a WhatsApp. Hannunsa duk ƙura, na'urar kuma ba ta rasa faɗuwa. Wannan bawan Allah Android ce ta dace da shi. Farashinta da sauƙi, da yawansu suna ɗaukar layin waya, kuma in gilashi ya fashe sai ya nufi Farm Centre ko titin Beirut, inda masu gyara suka san cikinta kamar yunwar cikinsu. Amma a yi hattara da masu arha fiye da kima, domin wasu kamfanonin ba sa daɗewa suna aiko da sabuntawar tsaro. A kuma sani cewa tun takunkumin da Amurka ta saka wa Huawei a 2019, sababbin na'urorinsa ba sa zuwa da shagon manhajojin Google.

Shi iPad ba wanda ke musun ingancinsa. Yana da sauri, Apple na sabunta shi shekaru da dama, kuma mai zanen takalmi ko jaka daga fatar da aka jeme a Challawa zai ji daɗin alƙalaminsa. Sai dai tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, kuɗinsa da na kayan gyaransa sun yi tashin gwauron zabo. Wannan ya tura mutane ga sayen wanda aka riga aka yi amfani da shi, kuma a nan haɗarin yake. Idan mai shi na farko bai cire asusunsa na iCloud ba, na'urar na iya kullewa, kuɗi kuma sun tafi. Kada ka biya sai an goge ta an sake kunnawa a gabanka.

Akanta kuwa, wanda manhajar lissafin kamfani da albashin ma'aikata ke kan kwamfutar ofis, Windows ce za ta ɗauke masa aikin ba tare da canji ba. Matsalarta tsada da ƙarancin masu gyara. Kuma Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a watan Oktoban 2025, don haka tsohuwar da ba za ta hau Windows 11 ba a bar ta a kanti.

Akwai abin da ya haɗa su duka. Apple da kansa ya ce iPad ya fi son yanayin da bai wuce digiri 35 ba, mu kuwa a bazara Kano kan haura 40. Zafi na cin batir, ƙurar hunturu na toshe ramin caji, wutar janareta mai hawa da sauka na kashe caja. Duk wadda aka saya, a yi mata riga mai kauri, a nemi caja ta asali, a riƙa adana bayanai a wani wurin.

Kiranmu ga masu masana'antu shi ne su tambayi ma'aikacin da zai riƙe na'urar kafin su fitar da kuɗi, su sayi ɗaya a gwada ta wata guda a filin aiki, sannan a sayo sauran. Dukiyar kamfani amana ce, kuma rufin asirin ɗaruruwan iyalai na rataye da ita.