Kuka Gaban Allah Ba Rashin Haƙuri Ba Ne

'Yan'uwana mata, yau ina so mu duba wani abu da ya shafi kowace uwa da kowace 'yar makaranta, watau yadda mutum zai rayu bayan babbar masifa ta auka masa.

Kun tuna, tun daga daren 14 ga Afrilu 2014 duniya duka ta san sunan Chibok, sa'ad da 'yan Boko Haram suka kwashe 'yan mata 276 daga makarantar sakandare ta garin. Guda 57 suka kuɓuta tun da fari. An sako 21 a 2016, aka sako 82 a 2017, amma har 2024, shekara goma cur, fiye da 80 ba su dawo ba. To, ke uwargida, yaya uwa za ta kwana ta tashi shekara goma ba ta san ko 'yarta tana raye ba?

Yawancin iyayen yaran nan Kirista ne na Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, wadda ta fara a Garkiɗa a 1923. A cikin Littafi Mai Tsarki da suke karantawa akwai wata irin addu'a da ake kira makoki. Littafin Makoki babi 5 ne, an rubuta shi bayan da mutanen Babila suka rushe Urushalima wajen shekara 586 kafin haihuwar Almasihu. A cikinsa ba a ɓoye kome ba: yunwa, da kisa, da 'ya'yan da aka kora bauta. Haka nan cikin Zabura 150, kusan kashi ɗaya cikin uku kuka ne.

Irin wannan addu'a tana da tsari. Da farko mai addu'a ya kira Allah. Sa'an nan ya faɗi abin da ya same shi filla-filla, har ya yi tambaya yaushe wahalar za ta ƙare. Daga nan ya roƙi taimako, a ƙarshe ya ce duk da haka ya dogara ga Allah. Zabura ta 13 haka take, aya 6 kacal. Ta 88 kuwa ta ƙare cikin duhu, ba a ambaci sauƙi ba, amma ba a fid da ita daga littafin ba.

Me ya sa wannan yake taimako? Dalili shi ne baƙin cikin da aka danne ba ya gushewa. Yakan fito ta wata hanya: rashin barci, mugayen mafarkai, firgita da an buga ƙofa, faɗuwar gaba, da faɗa da yara ba gaira ba dalili. Labarin zuciya a tambayi fuska. Amma in mace ta sami kalmomin da za ta faɗi ciwonta, gaban Wanda ta gaskata yana jinta, kuma tare da 'yan'uwa a majami'a, sai ta ga ba ita kaɗai ba ce, kuma kukanta bai raba ta da Ubangijinta ba.

Mu kuwa mun saba da an yi rashi sai mu ce, "Yi haƙuri, daina kuka." Alkunya ma takan hana uwa nuna baƙin cikin ɗan fari. Lalle haƙuri maganin zaman duniya ne, amma ku tuna da Annabi Yakubu, wanda Musulmi da Kirista duk suka san labarinsa. Ya yi shekaru yana baƙin cikin Yusufu, ba wanda ya ce imaninsa ya ragu.

Saboda haka in maƙwabciyarki ta shiga irin wannan hali, zauna ki saurare ta, kada ki katse ta da wa'azi. Ke 'yar makaranta, in ƙawarki ta daina magana a aji, kada ki yi mata dariya, gaya wa malama. In watanni suka wuce ba barci ba cin abinci, a kai ta ga likita. Akwai asibitocin tarayya na ƙwaƙwalwa a Maiduguri da Kaduna, zuwa can ba abin kunya ba ne, kuma addu'a ba ta hana magani.

Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Allah ya dawo da sauran yaran nan gida lafiya, amin.