Ka Biya Kuɗinka, Amma Kayan Ba Naka Ba Ne

A Amurka, inda doka ta bar wa farar hula damar mallakar bindiga, akwai babbar kasuwa ta kayan da ake ɗaura wa bindiga: madubin saiti, na'urar gani da dare, da fitilar leza mai nuna inda harsashi zai sauka. Galibin cinikin tsabtatacce ne, maharba da masu gasar harbi ne ke saye da sayarwa a tsakaninsu ta intanet. Sai dai akwai abin da ke yawan faruwa a cikin wannan kasuwa. Mutum zai ga madubi samfurin ACOG, wanda kamfanin Trijicon na jihar Michigan ke ƙerawa, sabonsa kan haura dala 1,000, amma ga shi an sa masa rabin kuɗi. Ya biya, a kawo masa har gida. Yana cikin jujjuya abin a hannu sai ya ci karo da ɗan tambarin nan mai kusurwa huɗu da ma'aikatar tsaron ƙasar ke sa wa kayanta, ko ya tarar an kankare wurin da lambar shaida take. Ya nemi wanda ya sayar masa, ko sama ko ƙasa. A nan zuciyarsa za ta soma faɗa masa abin da ba ya son ji: daga rumbun makaman soja kayan nan ya fito, kuma ba ta ƙofa ba.

Me ya kamata mutumin nan ya yi? A wurina amsar ba ta da wuyar ganewa, a aikace ne take da ɗaci. Ya bincika. In ya tabbata na gwamnati ne, ya mayar, ya bi wanda ya cuce shi kuɗinsa. In kuɗin ba su dawo ba, ya rungumi asarar. Na san da zafi, amma duk wata hanya bayan wannan, sauke wa wani bawan Allah kayan ne a ka.

Zargin nasa kuwa yana da tushe. A 2008 ofishin GAO, mai bincika wa majalisar dokokin Amurka yadda ake tafiyar da dukiyar gwamnati, ya sa jami'ansa suka yi basaja a matsayin masu saye a eBay da Craigslist. Suka sayo tabaran gani da dare da rigunan sulke, har da sassan jirgin yaƙi samfurin F-14, alhali a lokacin Iran ce kaɗai ta rage tana amfani da irin wannan jirgi. A 2016 aka gurfanar da sojoji 6 na barikin Fort Campbell, da ke kan iyakar jihohin Kentucky da Tennessee, tare da farar hula 2, bisa satar kayan soja na sama da dala miliyan 1. A ciki har da madubin bindigar gwanayen harbi daga nesa. Sojojin ke fito da kaya, 'yan kasuwar su zuba a eBay, masu saye kuwa har daga Rasha, China, Kazakhstan da Mexico. An yanke wa ɗaya daga cikin 'yan kasuwar ɗaurin shekara 15 a 2017. Sannan a 2021 kamfanin dillancin labarai na AP ya gano cewa aƙalla bindigogin sojan Amurka 1,900 ne suka ɓace ko aka sace tsakanin 2010 da 2019, wasunsu kuma suka ɓulla a hannun masu aikata laifi a titunan ƙasar. Idan bindiga sukutum da ake sa wa ido tana iya sulalewa, ina ga madubin da zai shige aljihun wando?

Adalci ne a faɗi ɗaya gefen. Ba duk madubin da ya yi kama da na soja ne na sata ba. Kamfanonin suna sayar wa jama'a samfurori kusan iri ɗaya da na soja, jabu kuma sun cika kasuwa, wasu har da tambarin ƙarya don su burge mai saye. Saboda haka ba na cewa mutum ya yi gaggawar yanke wa kansa hukunci. Tambaya ce farko. Lambar shaida tana jikin kaya, kamfanin da ya ƙera shi kuma yana da rajistar inda kayansa suka nufa. Wasu kayan ma ba sa buƙatar tambaya: fitilar leza ta AN/PEQ-15 mai cikakken ƙarfi ba a sayar wa farar hula ita, ganinta kawai a shafin gwanjo ya isa ya sa mai hankali ya ja da baya. Rabin kuɗin nan ma alama ce, araha ba ta ado. Abin da ke hana mutane da dama bincike shi ne tsoron amsar da za su ji. Wanda kuwa ya ƙi tambaya don kada a faɗa masa, ya riga ya san abin da za a faɗa masa.

Shawarwarin da zai ji daga abokai sanannu ne. Wani zai ce yi shiru, ɗaura abinka ka yi farautarka, wa ya sani? Wani zai ce goge lambar. Wani kuma, mai ganin ya fi su wayo, zai ce maida shi kasuwa tun da wuri, ka karɓi kuɗinka, wanda ya saya ya ji da shi. Wannan ta ƙarshen ita ta fi ci mini rai, don ita ake yi wa kallon mafita mai sauƙi alhali ita ce mafi muni. Ranar da mutumin nan ya saya bai sani ba. An cuce shi, kowa kuma zai tausaya masa. Ranar da zai sayar kuwa ya sani. Zai ɗauki hoto ta gefen da tambarin ba ya fitowa, ya tsara talla da kalmomin da ba za a kama shi da ƙarya ƙarara ba, sannan ya zauna yana jiran wani marar sani ya faɗo. Abin da aka yi masa shi zai yi wa wani, har ma da ƙari, domin mai yiwuwa wanda ya sayar masa shi ma saye ya yi bai duba ba, shi kuwa ya duba ya gani. A kan dala 500 ko 600 ya tashi daga wanda aka zalunta ya koma azzalumi. Kuma da zarar kaya ya bar hannunsa, ba shi da ta cewa a kan hannun da zai ƙare a ciki.

Dokar Amurka ma a kan sani ta tsaya. Sashe na 641 na kundin laifuffukan tarayya ya haɗa wanda ya saci dukiyar gwamnati da wanda ya karɓa, ya ɓoye ko ya riƙe ta yana sane ta sata ce, hukuncin kuma yana iya kai wa shekara 10 idan darajar kayan ta wuce dala 1,000. Wanda ya saya cikin rashin sani ba mai laifi ba ne, amma daga ranar da ya sani ya ci gaba da riƙewa, lissafi ya canja. Biyan kuɗi kuma bai mayar da kayan nasa ba, tunda ɓarawo ba ya miƙa wa wani mallakar da shi kansa ba shi da ita. Duk wanda ya zauna gaban malami ya karanci fiƙihun Malikiyya ba zai ga baƙon abu a nan ba. Babin istihƙaƙi a littattafai irin su Mukhtasar na Khalil a kan haka yake: mai kaya ya ga kayansa a hannun wani, ya kawo hujja, ya karɓe, mai saye kuma ya koma neman kuɗinsa wurin wanda ya sayar masa.

To amma akwai hujjar da ta fi kowace yaudarar zuciya, mu ma a nan Najeriya mun san ta sarai: ai na gwamnati ne. Ma'aikatar tsaron Amurka da ke kashe sama da dala biliyan 800 a shekara, madubi ɗaya zai rage ta da me? Mai wannan magana ya manta cewa kowane madubi akwai sojan da ya sa hannu ya karɓe shi. Idan irin wannan kaya ya ɓace, akan tsare rukuni guda a bariki ana bincike, ba mai zuwa gida, kuma wanda ya sa hannun yana iya rasa wani kaso na albashinsa ko a ɓata masa takarda, ko da ba shi ya ɗauka ba. Ga masu biyan haraji da za a sake sayen wani da guminsu. Dukiyar da ake cewa ba ta kowa ba ce, ita ta fi kowace yawan masu haƙƙi, shi ya sa neman yafiya a kanta ya fi wuya. Wa za ka je ka roƙa?

Musulunci ya tsananta a kan wannan ƙwarai. Bukhari da Muslim sun ruwaito labarin wani hadimin Annabi, Sallallahu Alaihi Wasallam, da kibiya ta kashe bayan yaƙin Khaibar. Mutane na yi masa murnar samun Aljanna, sai Annabi ya sanar da su cewa mayafin da ya ɗauka daga ganima kafin a raba ya zame masa wuta. Jin haka wani mutum ya taso ya kawo igiyar takalmi ɗaya ko biyu da ya ɗauka. Igiyar takalmi fa! Bai tsaya lissafin ko rundunar za ta ji rashinta ba.

Madubin bindiga kuma ya wuce wayar hannu ta sata, wadda cutarwarta ke tsayawa a kan mai ita. An ƙera shi ne don harsashi ya sami mutum daga nisan ɗaruruwan mitoci. Na'urar gani da dare tana ba mai riƙe da ita damar ganin wanda ba ya ganinsa. Dalilin ke nan dokokin Amurka suka hana fitar da irin waɗannan kaya daga ƙasar sai da lasisi. Sojan da ya kwashi madubi daga rumbu ba farauta zai je da su ba, mai saye yake nema, kuma duk mai sayen da ya kau da kai ya tabbatar masa cewa kasuwa na nan.

Mu a Arewacin Najeriya ba sai an yi mana dogon bayani a kan kayan rumbun gwamnati da ke shiga daji ba. Rahoton Babban Mai Binciken Kuɗi na Tarayya na shekarar 2019 ya ce makamai da harsasai 178,459 ne ba a san inda suke ba a rumbunan 'yan sanda, ciki har da AK-47 guda 88,078. 'Yan sanda sun yi jayayya a kan wasu alƙaluman. Amma ko kaso kaɗan ne daga ciki ya isa hannun 'yan bindiga, mutanen ƙauyukan Zamfara da Katsina ne ke biya da rayukansu. Don haka idan ka ga ana tallar kakin soja, rigar sulke, oba-oba ko tabaran gani da dare a Facebook ko WhatsApp, tambayar da ke gaban maharbin Amurka ita ce a gabanka. Sashe na 317 na kundinmu na Penal Code ma bai tsaya kan wanda ya sani kaɗai ba, ya haɗa da wanda ke da dalilin da zai sa ya yarda cewa kayan na sata ne.

Hukuma kuma tana da nata kason. Sau da yawa tsoro ne ke rufe bakin mai gaskiya, kada ya je kai rahoto a mayar da shi wanda ake tuhuma. A Amurka akwai inda ake kai irin wannan batu: CID na sojan ƙasa, NCIS na sojan ruwa, da DCIS na ma'aikatar tsaro. Duk da haka mai hankali zai fara ganin lauya, ya adana hoton tallar da saƙonni da shaidar biya, kada ya taɓa lambar, kada ya tura kayan ko'ina sai inda aka umarce shi, ya kuma shigar da ƙorafi wurin kamfanin da ya biya ta hannunsa kafin wa'adi ya wuce. Waɗannan takardu su ke wanke shi, su ne kuma zaren da masu bincike za su bi har zuwa ga mai fito da kaya daga bariki.

A Najeriya tsoron ya ninka haka. Talaka yana ganin in ya shiga caji ofis da kayan soja a hannu, ba lalle ya kwana a gida ba, sai ya gwammace ya binne ko ya sayar. A 2021 aka kafa cibiyar daƙile yaɗuwar ƙananan makamai a ƙarƙashin ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. Ina kira ga wannan cibiya da rundunar 'yan sanda su fito da hanya bayyananna, a sanar da ita a gidajen rediyo da Hausa: ga inda za a kai, ga takardar shaidar da za a ba wanda ya kawo, a tambaye shi inda ya samo, sannan a bar shi ya koma wurin iyalinsa. Kai kuma mai karatu, in irin wannan kaya yana ɗakinka yanzu kuma zuciyarka ba ta kwanta da shi ba, kada ka sayar wa kowa. Nemi lauya ko mai unguwarku ya raka ka, ka mayar.