Zari-Ruga a Kano: Wa Zai Rubuta Tarihin Ƙananan Kulob?

A wannan makon za mu taɓo wasan da yawancinmu ba mu taɓa tsayawa kallo ba, wato rugby, wanda kafafen yaɗa labarai na Hausa suka raɗa wa suna zari-ruga. Sunan ya dace, domin ɗan wasa zarar ƙwallo yake ya ruga da ita. Ƙwallon mai siffar ƙwai ce, kowane ɓangare mutum 15, minti 80 ake yi, kuma ba a miƙa ta da hannu zuwa gaba, sai baya ko gefe. Wanda ya dire ta a bayan layin abokan hamayya ya ci maki 5.

Wasan ya samo sunansa ne daga makarantar Rugby da ke Ingila, aka kafa masa hukuma a 1871. Abin lura shi ne, sai a 1995 aka amince a riƙa biyan 'yan wasa albashi a fili. Ke nan sama da shekara ɗari ƙananan kulob na 'yan sa-kai ne suka goya shi.

A Kano ma haka abin yake. Kulob ɗin Barewa, wanda Martin Crawford ya daɗe yana jagoranta, ya bi ta makarantu ne da gasar yara da matasa har ya kafu, a garin da ƙwallon ƙafa ta cinye kowane fili. Zariya da Kaduna su ma suna da nasu. Amma je ka nemi labarinsu da Hausa, da wuya ka haɗa shafi biyu. A ganinmu, wannan giɓin namu ne, mu masu riƙe da alƙalami.

Wani zai ce, ina ruwanmu da wasan Turawa, ga langa, ga kokawa, ga dambe? Maganarsa tana da ƙamshin gaskiya, domin su ma ba mu ba su haƙƙinsu ba. Sai dai ƙwallon ƙafa ma baƙuwa ce, yau kuwa ta zama 'yar gida. Kano Pillars da muke alfahari da ita a 1990 aka kafa ta, bayan an haɗe WRECA da Golden Stars da Bank of the North. Ta ci gasar ƙasa a 2008, 2012, 2013 da 2014, kowa ya haddace. To, mu nawa ne za mu iya kawo sunan mutum uku da suka buga wa WRECA? Da zarar dattawan da suka gani da idonsu sun kau, shi ke nan, an yi ɓarin da ba ya kwasuwa.

Mu dawo gida Rimin Gado. Daga Gulu zuwa Butu-Butu, kusan kowane gari yana da ƙungiyar matasa masu buga ƙwallo. Ƙasa ce da gona ke manne da gona, ba a barin fili haka kawai. Da damina wasa kan koma filin firamare, sai an kawar da amfanin gona da kaka sannan wuri ya samu. Karo-karo ake yi a sayi ƙwallo, a ɗinka riguna, a biya kuɗin mota zuwa Tofa ko Kabo. Akwai mai gonar da ke ara wa yara fili, akwai uban da ke hana ɗansa fita sai an gama noma, akwai kyaftin ɗin da ya tafi cirani ƙungiya ta watse. Duk wanda yake kukan rashin jigo, ga jigo nan a ƙofar gidansu.

Kuma irin waɗannan wurare ne ke haifar da manya. Siya Kolisi, wanda ya ɗaga wa Afirka ta Kudu kofin duniya na zari-ruga a 2019 da 2023, a unguwar talakawa ta Zwide ya fara, a ƙaramin kulob. Da ba a adana farkonsa ba, da rabin labarin ya salwanta.

Shawararmu ita ce kowa ya zaɓi kulob ɗaya, na zari-ruga ne, na ƙwallo ne, ko 'yan langa. Ya tambayi shekarar da aka kafa shi, wa ya sayi ƙwallon farko, a ina aka fara, me ya taɓa raba kansu. Ya ji daga bakin mutum uku aƙalla, domin kowa kan ja ruwa zuwa gonarsa. Abin da bai tabbata ba, kada ya cike da ƙirƙira. Shafi biyar na gaskiya sun wadatar a matsayin mafari.

Allah ya yi mana jagora, ya sa albarka a alƙalumanmu.