Kafin a Sayi Kwamfuta, a Duba Fitilun Gida

A wannan fitowa za mu tattauna a kan wata buƙata da ta shiga gidajenmu da yawa a nan Tokoin da sauran unguwannin Lome, wato kwamfutar tebur domin karatun yara. Sau da yawa maigida yakan ji tsoron abu biyu: kuɗin sayenta da kuma wutar da za ta riƙa ci. Shawarar da zan bayar ita ce a fara da fitilu, domin a yawancin gidaje wutar da kwamfuta za ta ci tana nan tana salwanta a cikin tsofaffin ƙwayayen lantarki.

Ga lissafin a sauƙaƙe. Tsohon ƙwan fitila mai zare a ciki, irin wanda Thomas Edison ya kyautata a 1879, yana mayar da kusan kashi 90 cikin 100 na wutar da ya ci zuwa zafi, ragowar ne kawai ke zama haske. Mai wat 60 yana ba da haske kimanin lumen 800, kuma ƙwan LED mai wat 9 yana ba da wannan hasken. Gida mai ƙwai 10 da ke kunne awa 5 kowace rana zai ci kilowat-awa 90 a wata da tsoffin ƙwai, amma da LED 13.5 ne kacal. Ita kuwa kwamfutar karatu matsakaiciya, tare da allonta, ba ta cika wuce wat 100 ba. Idan ta yi awa 4 a rana, abin da za ta ci a wata kilowat-awa 12 ne. Ashe canza ƙwai kaɗai ya biya wutar kwamfuta har da rara mai yawa. Wanda ke da mitar biya-kafin-amfani ta kamfanin CEET, wadda ake kira Lafia, yana iya ganin bambancin da idonsa cikin mako guda. Ko gidan da ya riga ya koma ƙwai masu murɗaɗɗen gilashi, masu cin wat 13 zuwa 15, zai rage wani abu. Sai dai a sani irin waɗannan akwai sinadarin makuri a cikinsu, don haka idan ɗaya ya fashe a buɗe taga, a fitar da yara, kada a kwashe gilashin da hannu.

Idan an je saye, a karanta adadin lumen a jikin kwali, domin shi ne ma'aunin haske; wat ma'aunin cin wuta ne. A duba gindin ƙwan ya dace da mazauninsa: mai murɗawa shi ne E27, mai ƙugiya biyu shi ne B22. A duba kuma launin haske. Mai lamba 2700K yana da ja-ja mai kwantar da ido, ya dace da ɗakin barci. Mai 4000K ya fi kyau ga teburin karatu da kicin. Mai 6500K fari ne fat, a bar shi ga tsakar gida da ƙofa. Yaron da ke karatun Alƙur'ani ko aikin makaranta da dare yana buƙatar fitila a gefensa, ta ɓangaren da hannunsa ba zai yi wa takarda inuwa ba. Kuma kada a bar shi yana kallon allon kwamfuta a ɗaki mai duhu, domin hakan na gajiyar da ido.

Mataki na biyu shi ne wayoyin gida. Wutarmu a Togo bolt 220 ce, kuma ƙasar ta daɗe tana dogaro da maƙwabta. An kafa hukumar CEB ta haɗin gwiwar Togo da Benin a 1968, daga baya aka fara sayo wuta daga madatsar Akosombo ta Gana. An ƙara da madatsar Nangbeto a 1987, da tashar ContourGlobal a Lome a 2010, da tashar hasken rana ta Blitta a 2021. Duk da haka manya ba su manta da ɗauke wutar 1998 da ta 2006 zuwa 2007 ba, kuma an sake ɗanɗana shi a 2024. Abin da ya fi lalata na'ura shi ne dawowar wuta da ƙarfi bayan an ɗauke ta. Saboda haka a kira ƙwararren mai gyaran wuta ya tabbatar soket ɗin kwamfuta yana da wayar ƙasa, sannan a sayi ƙaramin akwatin batir da masu shago ke kira ondulaa, wanda ke riƙe wuta 'yan mintoci har a adana aiki a kashe na'ura cikin natsuwa. Jona na'urori biyar a soket guda mai arha hanya ce ta gobara. Haka ma kyandir a lokacin ɗauke wuta: Sunna ta koyar da mu kashe wuta kafin barci, kuma fitilar caji ta wadatar da mu daga wannan haɗari.

Sai ita kwamfutar. Haɗa ta da hannu ba ya gagarar saurayi mai natsuwa, domin manyan sassanta shida ne: akwati, babban allon ciki da komai ke hawa kansa, ƙwaƙwalwar da ake kira furosesa, ma'ajiyar aiki ta RAM, ma'ajiyar dindindin, da akwatin rarraba wuta. Domin karatu, RAM mai gigabait 8 da ma'ajiyar SSD mai gigabait 256 sun isa, kuma SSD ta fi tsohon faifai mai juyawa sauri nesa ba kusa ba. Dole furosesa ta dace da mazauninta a babban allo, don haka a saye su tare. Kada a yi tsumulmula a kan akwatin rarraba wuta, domin idan ya ƙone yakan tafi da sauran sassa; araha ba ta ado. Kafin a taɓa kowane sashe a cire waya daga bango, a shafi ƙarfen akwati domin sauke wutar da jiki ke tarawa, musamman a lokacin hunturu.

Wanda zai sayi ta hannu, irin waɗanda ke shigowa ta tashar jiragen ruwa, ya lura da wannan: kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10 tun ranar 14 ga Oktoba 2025, kuma Windows 11 ba ta karɓar furosesar Intel da ta girmi zubi na 8. Tsohuwar na'ura tana iya ci gaba da aiki da manhajar Linux, wadda kyauta ce. A nemi mai shago ya kunna ta a gaban mai saye, ya kuma rubuta wa'adin garanti a takarda. Bayan an kawo ta gida kada a ajiye ta a ƙasa, domin ƙurar hunturu da danshin teku abokan gabarta ne. A riƙa busa ƙurar duk bayan 'yan watanni.

Magana ta ƙarshe ga iyaye mata da maza: wurin kwamfuta falo ne, inda allonta ke fuskantar masu wucewa, ƙarƙashin haske mai kyau. A yanka mata lokaci, a kashe ta idan an kira salla. Yara amana ce, kuma dukiyar da aka tsare daga almubazzaranci aka juya ta ga iliminsu ba ta faɗi ƙasa banza ba.

Allah Ya haskaka gidajenmu da zukatanmu, Ya shirya mana zuriya. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah Ya yarda.